Miyar Kukun Hawa na Uku

Da faɗa suka fara, kuma faɗan ba na wasa ba.

Wata Litinin da safe Auta ta fito baranda ɗaukar farar rigarta ta aiki da ta shanya, ta tarar da ita ta sha ruwan laka tun daga wuya har aljihu. Ta ɗaga kai. Tukwanen shuka ne jere a bakin barandar hawa na uku, ruwa na tsiyaya daga gindinsu hankali kwance.

Ko silifas ba ta tsaya daidaitawa ba ta haye matakala, ta dirka wa ƙofar sabon maƙwabcin duka. Wani dogon saurayi ya buɗe, butar ban ruwa a hannunsa.

"Malam, zama ka zo yi ko noma?" in ji ta.

"Ina kwana dai tukuna."

"Ban zo gaisuwa ba. Dubi rigata."

Ya dubi rigar, ya dube ta. "Ayya, ki yi haƙuri, Likita. Ɗaɗɗoya ce, ba ta jure ƙishi."

"Ni kuma ba na jure ƙazanta. Kuma ni ba likita ba ce, gwajin jini nake yi."

"To ki fara da naki, da alama ya hau."

Ta ja tsaki mai tsawo ta juya. Abin da ya fi ƙona mata rai a hanyar sauka shi ne, duk da wannan fushi, sai da idonta ya tsaya ya lura cewa murmushinsa yana da kyau.

A hawa na biyu su uku ne. Akwai Baba, tsohon hedimasta, wanda ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Akwai Goggo, yayarsa, da ta dawo gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta, mace ce da ko ƙuda ya ratsa falo sai ta san gidan ubansa. Kafin la'asar ta gama binciken mutumin sama.

"Kuku ne a otal," ta ce, tana taɓe baki. "Ƙato da shi, da gemu da komai, ya tsaya yana yanka albasa."

Baba ya sauke jarida. "Shi ya sa ba shi da tarbiyya."

Daga ranar sunansa ya zama Kuku. In ya gaida Baba a matakala, Baba ya amsa da hanci. In ya gaida Goggo, ta dubi bango. Auta kuwa harara take aika masa, shi kuma ya ce, "Sannu da aiki, Likita," don ya san yana ƙular da ita.

Wata biyu bayan haka aka yi wa Baba tiyata a maƙogwaro. Aiki ya yi kyau, aka sallame shi, sai dai cin abinci ya gagara. Mai tauri ba ya wucewa, mai ruwa kuma ya ture. Mutum mai ƙiba da kwarjini ya zube har wandonsa na zamewa.

Mai Kemis, ɗan aminiyar Goggo, wanda ya shekara yana neman Auta ba ta ba shi fuska ba, ya riƙa sintiri da gwangwanayen garin ƙara ƙarfi. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya tofar.

"Shekara talatin ina shaƙar alli a aji," ya ce da dusasshiyar murya, "yanzu kuma sha zan yi?"

Ranar da ya cika kwana huɗu ba abin kirki a cikinsa, Auta ta dawo daga aiki ta kasa shiga gida. Ta zauna a matakala ta kifa kai tana kuka. A nan Kuku ya same ta.

"Likita, lafiya?"

"Wuce abinka."

Bai wuce ba sai da ya ji dalili. Washegari da ƙarfe huɗu ta tarar da shi a wurin, riƙe da ƙaramar kular abinci.

"Miyar gasasshen tumatir ce da ɗaɗɗoya. Da cokali ake sha, ba sai an haɗa da komai ba. Ba yaji, na niƙa ta lukwi. Ki gwada masa."

"Ɗaɗɗoyar da ta ɓata min riga?"

"Ita. Ta zo ba da haƙuri."

Goggo tana shagon aminiyarta, inda take yini kullum har faɗuwar rana. Auta ta juye miyar a kwano ta shiga ɗakin Baba. Ƙamshi ya riga ta isa. Baba ya buɗe ido, ya karɓi cokali ɗaya, ya karɓi na biyu. Sai da ya ga ƙasan kwano sannan ya ɗago.

"Wa ya yi wannan?"

Ta san in ta ce Kuku, ko da yunwa za ta kashe shi ba zai ƙara taɓawa ba.

"Ni ce, Baba."

"Ashe kin iya abu. Allah ya yi miki albarka."

Albarkar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse, amma ta ce amin.

Haka aka yi sati uku. Kullum ƙarfe huɗu kula na jira a matakala, Baba na mayar da jiki, har ya fara fitowa falo yana gyara wa masu karanta labarai Hausarsu. Tsakanin hawa na biyu da na uku kuma saƙonnin waya suka fara hawa da sauka.

"Likita, mara lafiyarmu ya shanye?"

"Tas. Har da lashe cokali. Mai Ɗaɗɗoya, da me zan saka maka?"

"Ki rage hararar nan da rabi. Sauran rabin ki bar min, na saba da ita."

Wata rana ya rubuto: "Autata, ba na son soyayyar matakala. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba da sunan mai neman aure."

Ta karanta saƙon ya fi sau goma. Son shi take, ba ta da shakka, son da ke sa ta ƙosa ƙarfe huɗu ta yi. Da yamma ta lallaɓa ta gwada ruwa, ta ce wa Baba ai mutumin sama kamar yana da hankali.

Baba ya dube ta ta saman tabarau. "In wata magana ce a ranki, ki haɗiye ta. Ban tarbiyyantar da 'ya'yan mutane ba don in ɗauki tawa in ba mai wanke tukwanen otal."

Ta rubuta wa Kuku: "Ka ƙara haƙuri."

Kwana biyu bayan nan Mai Kemis ya zo da wuri, ya ritsa su a matakala, kula na tsakanin hannunta da nasa. Ya ƙare wa Kuku kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

Tsoro ya kama Auta, bakinta ya riga hankalinta. "Ba kowa ba ne. Kukun sama ne, aike na ba shi."

Kuku ya saki kular a hankali. Ya juya ya haye sama.

Ta aika saƙo biyar na ban haƙuri. Amsa ɗaya ta zo: "Miya za ta ci gaba da zuwa. Baba bai yi min laifi ba." Daga ranar a mariƙin ƙofa take tarar da kular a rataye, mai ita ko inuwarsa.

Mai Kemis kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kai wa Goggo rahoto. Dama Goggo ta daɗe da zargi. Yarinyar da ko ƙwai ta dafa sai ya ƙone, yaushe ta zama gwana? Kuma sati uku ana miyar tumatir a gida, ko ƙwayar tumatir ɗaya ba ta taɓa gani a kwandon shara ba.

Ranar Asabar da hantsi Goggo ta dire leda a kicin: tumatir, albasa, tafarnuwa, damin ɗaɗɗoya.

"Yau a gabanmu za ki yi miyar nan, 'yar albarka, mu ma mu koya. Na gayyato ɗan aminiyata ya ɗanɗana hannun matarsa."

Ta sa aka kawo wa Baba kujera bakin ƙofar kicin. Baba ya zauna yana fara'a, shi da gaske alfahari ya zo yi.

Auta ta shige banɗaki ta aika wa Kuku saƙo. "Goggo ta kafa min tarko. Don Allah yaya ake yi?"

Kuku yana wurin aiki, ranar kuma suna da babban taro a otal. Amsa ta zo a bushe, ba gaisuwa, ba Likita, ba Autata:

"Raba tumatir biyu, cikinsa ya kalli sama. Albasa ɗaya. Tafarnuwa da ɓawonta. Man zaitun, gishiri, masoro kaɗan. Kada ki cunkusa tire. Obin mai zafi, minti arba'in, sai gefensu ya fara baƙi. Matse tafarnuwar, juye duka a tukunya da ruwa kofi biyu, minti goma. Kashe wuta kafin ki sa ɗaɗɗoya. Ki niƙa."

Bin umarni a rubuce kuwa shi ne sana'ar Auta. Ta jera tumatir a tire kamar kwalaben gwaji, ta sa agogo. Minti arba'in cif ta buɗe obin, tumatir ya yamutse, gefensa ya yi baƙi-baƙi, ƙamshi ya cika gida. Goggo ta fara tsuke fuska. Mai Kemis, cikin farar shadda mai sheƙi, ya matso kusa yana leƙe.

Ta kashe wuta, ta zuba ganyen ɗaɗɗoya, ta juye miyar tana tururi a cikin bilanda har wuya.

Shekara shida Auta tana aiki da injin da ke juya jini. Abu na farko da aka koya mata, wanda ta koya wa duk wanda ya zo bayanta, shi ne ba a kunna inji sai an rufe murfi gam, an kuma sake dubawa. Don haka ta danna murfin bilanda, ta murɗa ƙaramin marfin tsakiya ya kulle, ta sake dubawa, ta kunna.

Tururi ya nemi hanya ya rasa. Murfi ya yi sama ya daki silin. Miya ta yi tsalle ta wanke bango, ta sauka a ɗankwalin Goggo, ta yi wa farar shaddar Mai Kemis ado tun daga hula har takalmi. Mafi zafinta kuma ya zubo wa Auta a wuyan hannu.

Goggo ta rafka salati. Mai Kemis ya hau karkaɗe riga yana faɗin, "Sabuwa ce fa, yau na fara sa ta." Hannun Auta da ya yi jawur ko kallo bai ishe shi ba. Ya fice yana mita, kuma daga ranar ba a sake jin sallamarsa ba.

Baba bai motsa ba. Ya jira ta sa hannun a ƙarƙashin famfo, sannan ya yi magana a hankali.

"Wanda ya yi abu sau ashirin ba ya wannan kuskuren. Wa yake yin miyar?"

Hawaye ya zubo mata. "Kuku ne, Baba."

"Na gaya maka, Malam," in ji Goggo, tana goge tumatir daga gira. "Sati uku kana cin abincin mai wanke tukwane."

"A makarantata," Baba ya ce, idonsa a kan Auta, "yaro ya faɗi jarrabawa ina yafe masa. Wanda ya kawo aikin wani ya ce nasa ne, korarsa nake. Kin tsaya na sa miki albarka a kan ƙarya."

Ya tashi da ƙyar ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Da hannu ɗaya Auta ta rubuta wa Kuku saƙo: "Ka rama. Da gangan ka ɓoye min. Na gode." Ta kashe wayar.

Kafin rana ta faɗi sai ga shi a ƙofa, ko rigar aiki bai cire ba. Goggo ta tare hanya da faɗin jikinta.

"Ƙafarka ba za ta taka gidan nan ba muddin ina numfashi."

Auta ta raɓa ta fito, ta ja ƙofar. Suka tsaya a matakala kamar zakaru.

"Me na rama?" ya ce. Sai idonsa ya sauka a kan bandejin da ke wuyan hannunta, fuskarsa ta canza. "Bilanda ce? Kin rufe ta da miya mai zafi?"

"Ka ce in niƙa, na niƙa."

Ya dafe kai. "Ana bari ta huce. Rabi-rabi ake zubawa, a cire marfin tsakiya, a dafe da tawul. Shekara tara ina yi, hannuna ne ya san wannan, ban taɓa tunanin abin faɗa ne ba. Wallahi mantawa na yi. Kina ganin zan ƙona ki don in huce?"

"Ai fushi kake da ni."

"Ina fushi, har yanzu ma. Kin dubi idona kin ce ni ba kowa ba ne. Amma mai fushi da ke daban, mai cutar da ke daban."

Kunya da nadama suka rufe ta.

"Ka yafe min," ta ce. "Tsoro ne ya sa ni."

"To tsoron ya ƙare, tunda babu sauran abin ɓoyewa."

Bai ƙare ba. Ranar Lahadi kular ta wuni a mariƙin ƙofa, Baba ya ce a mayar wa mai ita. Goggo ta dama wannan ta tace wancan, ya kau da kai. Ran Litinin likitansa ya zo dubiya, ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in aka ƙara kwana biyu a haka, asibiti za a koma, a zura masa bututu ta hanci. Baba ya ce a zura.

Auta ba ta je aiki ba ran Talata. Ta sayo tumatir da kanta, ta hau sama ta ƙwanƙwasa.

"Mai Ɗaɗɗoya, zo ka koya min. A fili, kowa na ji."

"Goggo fa?"

"Ƙafarka ta hana. Ba ta ce komai a kan bakinka ba."

Kicin ɗinsu yana daf da ƙofar shigowa. Auta ta wangale ƙofar gida, ta wangale ta ɗakin Baba. Kuku ya tsaya a waje, yatsun ƙafarsa daidai bakin dokin ƙofa. Goggo ta jawo kujera ta zauna a gabansa ta harɗe hannu.

"Ko ɗan yatsa ya ƙetaro, da muciya zan karɓe shi."

"Ba zai ƙetaro ba, Goggo. Likita, tumatir ɗin nan sun yi kusa da juna, dahuwa za su yi maimakon gasuwa. Raba su tire biyu."

"Ji shi," in ji Goggo. "Namiji har da sanin dahuwa da gasuwa."

"Kada ki yanka ɗaɗɗoyar da wuƙa, baƙi take yi. Yage ta da hannu."

"Na ji, ba sai ka ɗaga min murya ba."

"Ba ke nake ɗaga wa ba."

Duk gidan an san wanda ake so ya ji. Daga ɗakin Baba ko tari babu.

Da aka zo niƙa, Goggo ta ja kujerarta baya ta kare fuska da mayafi. Auta ta jira miyar ta huce, ta zuba rabi, ta cire marfin tsakiya duk da zuciyarta na ce mata ganganci ne, ta dafe da tawul. Bilanda ta yi kukanta lafiya ta gama.

Ta ɗauki kwano ta durƙusa a gaban gadon Baba.

"Baba, wannan ni na yi da hannuna. Shi ya koya min, yana tsaye a ƙofa, ka ji komai. Na yi maka ƙarya, na tuba. Kuma kada in sake ɓoye maka wani abu: shi nake so. In ka hana, ba zan saɓa maka ba, amma ba zan ce maka na daina ba. Ka sha, don girman Allah."

Baba ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi cokali. Ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai duba takardar jarrabawa.

"Biyar cikin goma," ya ce. "Gishiri ya yi yawa." Ya ƙara cokali. "Kai, na bakin ƙofa."

"Na'am, Baba."

"Takarda uku na rubuta wa mai gidan nan in sa a tashe ka. Ta ƙarshen da ƙarfin miyarka na rubuta ta. Ka sani?"

"Na sani. Ya nuna min duka ukun."

"Ka sani, kuma ka ci gaba da aiko abinci?"

"Ba ku warke ba, Baba."

Auta ta ga maƙogwaron mahaifinta ya motsa, ba kuma miya yake haɗiya ba.

"Yaya," ya ce, "matsa masa ya shigo."

"Ni fa na riga na rantse, Malam."

"Ni zan ɗauki nauyin rantsuwar. Matsa."

Goggo ta ja kujera da ƙara, tana gunaguni a kan zamanin da aka zo. Kuku ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa nesa da gado. Baba bai dube shi ba sai da ya shanye kwanon tas.

"Kana da manya?"

"Ina da su, Baba."

"Ka turo su. Amma ka bari in ƙara ƙiba tukuna, kada su zo su raina ni."

Auta ta kifa kai a gefen katifa, kuka da dariya suka haɗe mata.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Goggo ta yi kwana uku tana cewa ita ba ruwanta, sannan ta karɓe ragamar hidimar gaba ɗaya, ta hana kowa sakat.

Da za a raka amarya, tafiyar da ba ta wuce matakala goma sha shida ba, Baba ya tsaya a tsakiyar falo da ƙafafunsa, muryarsa ta dawo irin ta filin makaranta. Ya kira ango ya matso.

"Na raina sana'arka a gaban 'yata, ita ce kuma ta tashe ni tsaye. Yau a gaban jama'a nake janye maganata. Ga Auta nan, tana da faɗa, ka riga ka sani. Ka riƙe min ita da amana." Ya dafa kawunansu su biyu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Wannan karon na san abin da nake sa wa albarka."

Falo ya ɗauki amin. Ta Goggo ce ta fi ta kowa ƙarfi, ko da yake fuskarta a ɗaure take.